Abin da Kaka Ta Ce

Asabar, bayan azahar

Ranar da al'amura suka juya mini, akwatina har ya shiga mota. Mai ruwan hoda ne, wanda Inna ta saya mini a kasuwar Illela. Maigidan ya kama ɗaki a Yanbu kusa da matatar man da yake aiki, ya ce in an buɗe taga ana jin iskar teku. Ni kuwa ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi. Tun da aka kawo ni Madina ina gidan iyayensa a Harra ta Gabas, ina jiran wannan rana.

Muna cikin sallama a falo sai ihu ya tashi daga ɗakin kakarsa, Kaka Sakinatu. Ta kusa casa'in. Tun bara Larabci ya soma zubewa daga bakinta, ba abin da ya rage mata sai Hausar da aka goye ta da ita, ta tsofaffin Sakkwato. Umma surukata ba Bahausa ba ce, ko "zo" ba ta ji. Nadiya, ƙanwar maigidan, tana tsintar kaɗan, tata Hausar rabi Larabci ce. Baba, wanda shi ne ɗan Kaka, yana ji, amma kunnensa ɗaya ya mutu, ita kuma ba haƙori a bakinta.

Muka same ta a bakin ƙofa rungume da ƙunshin zannuwa, tana cewa, "Nasara sun taho! Ku tashi, Nasara sun taho!"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kaka, sun wuce. Sun bi gulbi, ba su ga gidanmu ba."

Ta dube ni, ta dube ni, sai ta miƙo mini ƙunshin ta zauna.

Baba ya ce, "Masha Allah, tabarakallah." Sannan ya juyo gare ni. "'Yata, mako biyu kawai, kafin mu samu mai aiki Bahausa."

A garinmu mace ba ta ɗaga ido ta dubi surukinta, balle ta ce masa a'a. Na sunkuyar da kai ina jiran maigidan ya yi magana a madadina. Shi kuwa haifaffen nan ne, inda 'ya take ce wa ubanta "la" ido cikin ido. Ya ga na sunkuya, ya ɗauka na yarda. Da hannunsa ya fito da akwatin.

Mako biyun nan sun haihu, har sun yi jikoki.

Lahadi, hantsi

Nasara sun taho yau ma. Na mayar da su gulbi.

Litinin, bayan la'asar

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Da asuba in ɗaga Kaka in kai ta bayi, in yi mata alwala, in dawo da ita. Da hantsi wanka. In ta zame daga kan kujera, in sa hannu ƙarƙashin hammatarta in cicciɓe ta. Mutum ya gan ta kamar kara, amma ƙashin mutanen da nauyi gare shi. Ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai ni. Ranar da Umma ta gwada, cizo ta sha, da dasashi.

Da farko a ɗakinmu nake kwana. Sai aka ce in riƙa yin ƙailula wajenta. Sai aka shimfiɗa mini katifa "don ko ta farka". Jiya na tarar an kawo akwatina an tura ƙarƙashin gadonta. Ba wanda ya yi da mugunta. Umma har turare ta ba ni, mai tsada.

Tagar ɗakin tana kallon bangon maƙwabta, baƙin dutse irin na unguwar nan. In na leƙa sosai ina ganin ɗan yankin sama kamar faɗin sallaya.

Laraba, da safe

Umma ta dafa gahawa da citta da wannan ɗan ƙamshin da suke zubawa. Da ina son sa. Yau sai da na ruga bayi.

Ta buga ƙofa tana tambaya da Larabci ko sanyin na'ura ne ya kama ni. Na ce shi ne.

Wata na biyu ke nan ban ajiye salla ba. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

A gida da ba sai na ce komai ba. Inna za ta dubi wuyana da safe, da yamma in ga an ɗauke mini tulu da taɓarya, an ajiye mini kunun tsamiya, ba wanda zai ce uffan. Na fari ba a faɗarsa da baki. Yayata Sa'adiya har ta haihu ba ta taɓa furta kalmar ba, har yau ma ba ta kiran sunan yaron. Nan kuwa maƙwabciyarmu ta yi hoton takardar asibiti ta tura wa dangi duka a waya, har da surukinta. Da Nadiya ta nuna mini, ni ce na ji kunyar.

Alhamis, bayan magariba

Nadiya ta faɗi jarrabawar tarihi a jami'a, tana maimaita ta a wannan hutun zafin. Ta ce ba ta iya haddacewa sai tana gaya wa wani, shi ya sa take shigowa ɗakin Kaka ta baje a kan katifata da takardunta.

"Zulfa, isma'i, ki ji. Ingiliz ɗin nan da Sitti take tsoro, da fa ba kowa ba ne. Ƙaramin tsibiri, ruwan sama da tumaki, bas, shi ke nan."

Sitti take ce wa Kaka. Na ce, "To ya aka yi suka kai har Sakkwato?"

Ta ce wai mutanen Fotugal ne suka fara zagayo teku, har sun taɓa kawo jiragen yaƙi bakin Jidda aka kore su. Turawan Ingila daga baya suka biyo, 'yan kasuwa ne kawai masu neman barkono da yadi da gahawa. Suka yi faɗa da Fotugal, mutanen Holan suka fatattake su daga tsibiran kayan yaji, suka dawo suka maƙale a bakin ruwan Indiya.

"Kin san me suka roƙi sarki? Makhzan. Yaya ake cewa?"

"Sito."

"Aiwa, sito! Ɗan wurin ajiye kaya. Sai suka ce ɓarayi, muna son katanga. Sai katanga tana son mai gadi. Sai mai gadi yana son bindiga. Sai Faransa ta zo ita ma da nata siton, sai su biyu suka hau faɗa a ƙasar mutane, kowa ya kama sarki ɗaya yana zuga shi. Kafin a farga, khalas, ƙasa ta tafi."

Na ce na san ƙarshen wannan faɗan. Tsakanin Illela da Ƙonni tafiyar ɗan lokaci ce a kan babur, amma su kawuna na Ƙonni suna cewa "lakwal" mu muna cewa "makaranta", don Ingila da Faransa sun zauna a wani gari da ba mu sani ba sun ja layi ta tsakiyar gonar kakanmu.

Ta rubuta wannan a gefen takarda. Ta ce malaminsu yana son misali.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Maigidan ya kira. Kamar kullum, a wayar Umma, da hoto, kowa na leƙe. Ya rame. Ya ce, "Zulfa, lafiya dai?" Na ce lafiya lau, Baba yana zaune a gefe.

In ya kira tawa wayar kuma, ko yana shirin shiga aiki ko ya fito a gajiye. Sau biyu na buɗe baki. Ba haka nake so ba. A littafin da nake karantawa yanzu, yarinyar ta jira har mijin ya dawo daga tafiya, ta dafa masa abin da yake so, ta ajiye ɗan ƙaramin takalmi a gefen faranti. Bai ce komai ba, ya yi sujada. Na karanta wurin har na haddace. Ni a bakin teku na tsara nawa. Har takalmin na saya a kantin da ke kusa da Harami, fari, yana cikin akwati ƙarƙashin gadon Kaka.

Ya ce, "Ki ƙara haƙuri, ana neman mai aikin."

An samu ɗaya makon jiya, 'yar Maraɗi. Kaka ta jefe ta da kofi.

Lahadi, azahar

Ina ɗaga ta daga wanka sai ta riƙe hannuna. Idonta ya washe, irin washewar da yake yi jefi-jefi. Ta ɗora tafinta a marata.

Umma da Nadiya suna tsaye da tawul. Kaka ta dube su ta ce, "Ɗiyar ga ciki gare ta. Ku bar sa ta ɗaukata, ku marasa ido."

Umma ta ce, "Esh galat?" Wato me ta ce.

Nadiya ta ce, "Na ji 'ido'. Idonta na ciwo?"

Duk suka zuba mini ido. Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Na ce, "Cewa ta yi Nasara sun taho."

Umma ta yi dariya ta shafa kan Kaka. Kaka ba ta daina kallona ba har na gama sa mata riga.

Litinin, hantsi

Ta sake faɗa. Na sake fassarawa.

Talata, bayan la'asar

Goggo Ruƙayya ta zo daga Khaibar. Ƙanwar Baba ce, mijinta yana da gonar dabino a can. Ta shigo da kwali biyu na ɗanyen dabino da murya kamar lasifika. Ita tana jin Hausa sosai, har gabana ya faɗi, amma Allah ya sa Kaka barci ta yi ta yi.

Ba su daɗe da gaisawa ba ita da Umma suka fara. Goggo ta ce uwarta ce, an kulle ta a ɗaki mai kallon bango, a Khaibar akwai iska da inuwa. Umma ta ce shekara ashirin tana wanke mata kaya, ina Goggo take a lokacin? Goggo ta ce za ta tafi da ita, "da yarinyar nan, tunda ita kaɗai take ji." Umma ta ce yarinyar nan matar ɗanta ce, ba ta zuwa ko'ina.

Ina zaune a tsakaninsu ina cire wa Kaka ƙwallon dabino. Ba wadda ta dube ni.

Da Goggo za ta fita ta kama haɓata ta ce, "Ke 'yar Nijeriya, kina son dabino ko? Can sai kin ƙoshi. Ɗakinki ma ya fi wannan." Bayan ta tafi Umma ta kawo mini sabuwar abaya.

Nadiya ta raɗa mini, "Mama Ingiliz, Goggo Faransa. Ke ce Hindiya, miskina."

Na yi dariya har hawaye. Da ta fita hawayen bai tsaya ba.

Laraba, da safe

Baba ya yanke hukunci don a zauna lafiya: Kaka za ta yi watannin girbin dabino a Khaibar, sannan ta dawo. Ranar Asabar ta sama Goggo za ta turo mota. Ta bakin Nadiya na ji. Na duba taswira a waya. Yanbu tana yamma, Khaibar tana arewa.

Maigidan ya turo saƙo: "Na ji. In kin ga ba za ki iya ba ki faɗa wa Baba, ba ya cizo."

In faɗa wa Baba.

Alhamis, bayan azahar

Na gama littafin. Sun samu 'yan biyu. Na buɗe wani, na kasa wuce shafin farko.

Ina son yakuwa. Ina son ta kamar in yi kuka. Ba wanda zan aika, don za a tambaye ni dalili.

Asabar, hantsi

Ta zame a bayi. Na tare ta da jikina duka kafin kanta ya bugi tayil. Na ji wani abu ya ja a bayana, ƙasa-ƙasa.

Bayan na kwantar da ita na koma bayin ni kaɗai. Na ga abin da bai kamata in gani ba. Kaɗan ne. Kaɗan ne ƙwarai.

Na wanke, ban gaya wa kowa ba.

Asabar, bayan magariba

Ya tsaya. Alhamdu lillahi. Ya tsaya.

Lahadi, da safe

Bai dawo ba. Na ɗaga ta sau ɗaya kawai, na ce wa Umma kaina ke ciwo. Ta ba ni ƙwaya, na riƙe a hannu har ta fita, don ban san ko ana sha ba. Ba wanda zan tambaya. In na kira Inna za ta gane daga sallamata, kuma me za ta yi daga Illela, ban da ta kwana ba barci?

Litinin, bayan la'asar

Nadiya ta zo da tambayoyin gwaji. Ɗaya ta ce: me ya sa sarakunan bakin teku suka bar baƙi suka yi ƙarfi a ƙasarsu?

Ta ce, "Ni dai na rubuta ba su da jiragen yaƙi, kuma suna cin ribar ciniki. Ke me kika gani?"

Na ce ban yi jami'a ba.

"Ya shekha, faɗi mana."

Na ce wataƙila kowace rana abin da aka roƙa ƙarami ne. Wa zai hana baƙo wurin ajiye kaya? In ka ba shi jiya, da wane ido za ka hana shi yau?

Ta ce, "Wannan ba ya cikin muzakkira," wato takardun malaminsu. Ta tattara ta fita, ta bar ni da Kaka da bango.

Laraba, hantsi

Yau Kaka ba ta ɗaure ƙunshi ba. Ta farka da hankalinta, har ta tambaye ni sunan garinmu. Da na ce Illela ta ce ubanta ya san shi. Ina taje mata kai ta soma ba ni labari, a hankali, ba ihu.

Ta ce ubanta yana yaro aka fito da shi daga ƙasar Sakkwato, shekarar da Nasara suka ci garin. Suka yi ta gabas a ƙasa, su yi noma shekara guda su ƙara gaba. Ita a Sudan aka haife ta. "Munka gudu daga Nasara, munka iske su sun riga mu can." Ta yi dariya da dasashinta.

Tana 'yar shekara bakwai suka isa Sawakin, bakin teku, inda ake shiga jirgin Jidda. Akwai wani shinge da ake tsare alhazai, likitan Turawa yana duba kowa kafin a bar shi ya hau. Aka yi ta raɗe-raɗin cewa ba a barin mai ciki. Innarta kuwa tana da shi. Ta ɗaure shi tam da zane biyu, ta ɗauki buhun gero a ka kamar kowa, don kada a ce ita ta hana mutanenta ganin Ka'aba. Ko mijinta ba ta gaya wa ba.

Na ce, "Sai aka yi yaya, Kaka?"

"Likita bai gane ba. Ta ci nasara kansa."

Har na ɗauka ta koma inda take komawa. Sai ta ce, "Mu munka hau jirgi. Ita tana Sawakin, ƙarƙashin wata ƙaya. Ni na riƙe mata zanen."

Matajin ya tsaya a hannuna.

Ta juyo ta kama kunnena, kamar yadda Inna take yi. "Ke. Kullum ina faɗi, kina juya mani magana. Kin aza ban ji? Tsufa ni yi, ban kurumce ba."

Can kuma ta tambaye ni ko an ɗaure jakai.

Alhamis, bayan azahar

Umma ta fito da akwatina daga ƙarƙashin gado don a shirya kayan Khaibar. Na karɓe da sauri kafin ta buɗe. Takalmin yana nan cikin ledarsa. Tafin hannuna ya fi shi tsawo.

Na daɗe ina tunanin tekun nan. Na sa masa launi, na sa masa iska, na zaɓi rigar da zan sa, har abin da zai ce na rubuta masa a kaina. Ban taɓa kawo wa raina cewa ana iya isa bakin teku hannu wofi ba.

Bayana yana ɗan ja tun safe. Ba sosai ba.

Inna, ki yafe mini. Kin koya mini kunya, kuma ba ki koya mini banza ba. Amma a gidanki akwai idanu goma masu gane abin da ba a faɗa ba. Nan ido biyu ne kawai, kuma mai su ni ce bakinta.

Alhamis, bayan la'asar

Na kira Nadiya na ce ta zauna. Na koya mata: "Sun wuce, Kaka. Sun bi gulbi." Tana cewa "gulbi" kamar tana haɗiye ƙwallo. Muka yi ta maimaitawa har Kaka ta buɗe ido ta ce, "Wace Baturiya ce wagga?" Nadiya ta faɗi ƙasa don dariya. Amma da ta miƙa hannu, Kaka ta ba ta ƙunshin. Ta karɓe abinta nan take, amma dai ta ba ta.

Nadiya ta ce, "Lesh? Don me kike koya mini? Ina za ki?"

Na ce gobe za ta ji.

Gobe Juma'a. Bayan masallaci Baba yakan shigo ya gaida uwarsa, Umma tana biye da shi da gahawa, Goggo ma ta ce za ta kwana nan don tafiyar Asabar, maigidan kuma zai kira a wayar Umma. Kaka za ta faɗi abin da take faɗa. In ma ba ta faɗa ba, ta riga ta faɗa.

Zan ɗaga kai in gaya wa Baba abin da ta ce, daidai yadda ta ce shi, a kunnensa mai ji. Daga nan a kai ni asibiti. Ba zan je Khaibar ba.